NA'URAR DA KE TAMBAYAR DUTSE SUNANSA

Wanda ya taso daga Sakkwato ya bi hanyar Jega, idan ya wuce Bodinga, kafin ya isa Shagari zai ratsa ta Lambara. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake, ga jigawa ga jan marmara, irin wadda matafiyi kan wuce bai waiwaya ba. To, a ce yau mutanen wata unguwa a can sun haɗa kuɗi sun sa a haƙa musu rijiya. Mahaƙi yana ciki, yaransa na jawo guga suna juyewa, tsibin ƙasa na tashi a bakin rami: ga ja, ga fara, ga mai ruwan toka. Can sai wani ɗan makaranta ya tsinci dunƙulen dutse, ya kai wa malaminsu, ya ce, "Malam, mene ne wannan?" Malam ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kai wa akawun hakimi. Wannan ya ce dutsen farar ƙasa ne, wancan ya ce a'a. Iyakar abin da ido zai iya ke nan.

Tambayar yaron nan ba ta wasa ba ce. Masana ilmin ƙasa sun tabbatar cewa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce teku ta kwanta bisa wannan yanki, tun daga ƙasar Sakkwato har ƙasar Tawa cikin Nijar. Da ta janye sai ta bar shimfiɗu, wani bisa wani. Akwai shimfiɗar farin dutse da ake kira da sunan Kalambaina, wadda sabo da ita aka kafa kamfanin siminti cikin 1962, ya fara aiki cikin 1967. Ƙarƙashinta akwai shimfiɗar laka da ake kira da sunan Dange, wadda a cikinta ake samun jifsam, da kuma dunƙule-dunƙulen fosfat, watau dutsen da ake yin takin sufa da shi. An san su a Dange da Shuni, gabas da Bodinga. Amma duk da haka, ma'aikatar takin sufa da aka buɗe a Kaduna cikin 1976 daga Togo ta riƙa sayo dutsenta, kuma cikin 2016 da Maroko Nijeriya ta ƙulla yarjejeniyar sayen fosfat.

Farin dutse, da jifsam, da fosfat, duk suna iya zuwa da kamanni ɗaya a hannun wanda bai sani ba, alhali kuwa kama da wane ba ta wane. Fosfat abinci ne ga gero, amma idan ya yi yawa cikin farin dutse sai ya raunana siminti. Sabo da haka dole a sami abin da zai rarrabe su, ya kuma faɗi yawan ko wanne. Wannan abu shi ne na'urar da Turawa ke kira sifektiromita, kuma yadda ake tsara ta shi ne zancenmu na yau.

Gishiri Da Hasken Da Ba A Gani

Ran 8 ga Nuwamba, 1895, wani shaihun malami na Jamus mai suna Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire, wanda kowa ya sani yau ta wajen hoton ƙashi a asibiti. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, yana hawa yana sauka, kuma nisan da ke tsakanin wannan hawa da na gaba shi za mu kira taku. Takun hasken eksire ƙanƙane ne ƙwarai, har sai da ɗan ƙanƙanen ma'auni ake auna shi, watau angistiram. Inci ɗaya akwai angistiram miliyan 254 a cikinsa.

To, da me za a auna abin da ya kai wannan ƙanƙanta? Babu maƙerin da zai iya tsaga layi kusa da kusa haka. Ashe Allah Ya riga Ya ajiye ma'aunin cikin gishirin miya. Mai karatu ya ɗauki ƙwayar gishiri ya dube ta da kyau, zai ga tana da kusurwoyi kamar ɗan akwati. Haka kwalli, idan an fasa shi. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin zarran da ke cikinsu a jere suke, sahu bayan sahu, kamar kunyoyin gona, tsakanin ko wane sahu da na bayansa nisa ɗaya ne ba ƙari ba ragi. Duk abin da zarransa ke jere haka shi ake kira kiristal. Kanwa, da sukari, da jifsam duk kiristal ne. Gilashi kuwa, duk da ƙyallinsa, ba shi cikinsu, don zarransa a hargitse suke.

Cikin 1912, a birnin Munik, Max von Laue ya ba da shawara a haska kiristal da eksire. Abokan aikinsa biyu, Friedrich da Knipping, suka gwada, sai ga ɗigo-ɗigo sun fito a kan hoto cikin tsari. Cikin wannan shekara wani saurayi a Kambirij ta Ingila, William Lawrence Bragg, ya gano ƙa'idar abin, mahaifinsa kuma, William Henry Bragg, ya ƙera na'ura ta farko a Jami'ar Lidis cikin 1913. Aka ba su lambar Nobel tare cikin 1915, ɗan yana da shekara 25.

Ga yadda ƙa'idar ta ke. A ce mutum biyu suna tafiya tare, takunsu ɗaya, ƙafar dama da ƙafar dama. Ɗaya ya juyo daga kunya ta farko, ɗaya ya zarce sai da ya taɓa kunya ta biyu sa'an nan ya juyo. Idan ƙarin tafiyar da na biyu ya yi ta zo daidai da taku ɗaya cur, ko biyu, ko uku, to, za su sake haɗuwa ƙafa ɗaya. Idan kuwa da rabin taku a ciki, sai su saɓa. Haka haske ya ke cikin kiristal: wanda ya dawo daga sahu na farko, da na biyu, da na dubu, in takunsu ya zo ɗaya sai su haɗa ƙarfi, in ya saɓa sai su kashe juna. Tsawon ƙarin tafiyar kuwa ya dogara ga abu biyu, watau nisan sahu da karkatar da hasken ya faɗo da ita. Malaman lissafi ga yadda ake rubuta shi: nλ = 2d sin θ. Harafin λ shi ne taku, d nisan sahu, θ kusurwa, n kuwa yawan takun da aka ƙara. Ma'anarsa ita ce ko wane taku yana da kusurwa tasa. In ka san nisan sahu, ka auna kusurwa, ka san taku.

Ko Wane Tsuntsu Kukan Gidansu Ya Ke Yi

Mene ne amfanin sanin taku? Wani saurayin Ingila, Henry Moseley, shi ya amsa cikin 1913 da 1914. Ya nuna cewa ko wane sinadari, idan an buge shi da ƙarfi, ya kan fid da hasken eksire mai taku nasa na kansa. Babban takun ƙarfe angistiram 1.94 ne, na jan ƙarfe 1.54, na kalsiyam, wanda shi ne jigon farin dutse, 3.36, na fosfaras, wanda shi ne amfanin takin sufa, 6.16. Da ya jera sinadaran da aka sani sai ya ga gurabe babu kowa a lamba 43, da 61, da 72, da 75, ya ce lalle akwai masu su. An kashe shi a yaƙin Galifoli ran 10 ga Agusta, 1915, yana da shekara 27. Cikin 1923, a Kofanhegan, aka gano mai lamba 72 ta wannan hanya tasa.

Sabo da haka na'urar sassa huɗu gare ta. Na farko kwalbar da ke haifar da eksire ta haska garin dutsen da ake tuhuma, ko wane sinadari da ke ciki ya ɗauki kukansa. Na biyu mataji, watau siraran faranta na ƙarfe da aka jera kusa da kusa, don kada wani haske ya wuce sai wanda ya miƙe sak. Walter Soller na Amurka ya fito da shi cikin 1924. Na uku kiristal, wanda ke bisa wani teburi mai juyawa a hankali. Na huɗu idon na'ura, wanda ke ƙirga hasken da ya iso. Duk sa'ad da kiristal ya juya digiri ɗaya, dole ido ya juya biyu, kamar yadda hasken madubi ke yi idan yaro ya karkata shi a rana. Kusurwar da haske ya bayyana ita ke faɗin sunan sinadari, ƙarfin hasken kuwa shi ke faɗin yawansa.

Zaɓen Kiristal

A nan gwanintar mai tsara na'ura ta ke fara bayyana. Duk ɗalibin da ya buɗe jadawalin lissafi ya san sin ba ya wuce 1. Sabo da haka babu kiristal da zai iya auna takun da ya fi ninkin nisan sahunsa. Nisan sahun gishiri angistiram 2.82 ne, ninkinsa 5.64. Ƙarfe zai bayyana a kansa wajen digiri 20, kalsiyam wajen 36 da rabi. Amma fosfaras mai taku 6.16 fa? Ya fi ƙarfin gishiri. Ko an shekara ana juya shi bisa dutsen Dange, ba zai ce akwai fosfat ba, ba don babu ba, sai don mudun ya yi kaɗan.

To, me zai hana a ɗauki mai faɗin sahu ƙwarai a huta? Jifsam kansa, irin wanda ake tonowa a ƙasar Sakkwato, ninkin sahunsa ya kai 15.2, kuma a da an yi aiki da shi wajen auna sinadarai masu dogon taku. Illarsa biyu. Da fari, gwargwadon faɗin sahu, gwargwadon yadda kusurwoyi ke cunkushewa wuri ɗaya, har maƙwabta biyu su zama kamar ɗaya. Na biyu, jifsam yana da ruwa a jikinsa, in ya sha zafi ko aka zuƙe iskar da ke kewaye da shi sai ya bushe ya yi gari. Gishiri kuwa da damina ya kan jawo laima fuskarsa ta dushe. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a zaɓi mafi ƙanƙantan sahun da zai iya ɗaukar takun da ake nema. Don haka ake haɗa kiristal na musamman a ma'aikata: litiyam fulorayid mai 4.03 don ƙarfe da dalma da danginsu, jamaniyam mai 6.53, wanda ake kira PET mai 8.74, da wanda ake kira TAP mai 25.8. Babbar na'ura ta kan ɗauki shida ko takwas bisa wata ƙafa mai juyawa, ta kawo wanda ake bukata.

Dutsenmu na fosfat yana da wani tarko wanda ya isa a tsaya a kansa. Kalsiyam ba kuka ɗaya gare shi ba. Bayan babban nan na 3.36 yana da ƙarami mai taku 3.09. Mai karatu ya tuna da harafin n: haske ya kan bayyana kuma idan ƙarin tafiya ta zo daidai da taku biyu. To, 3.09 sau biyu 6.18 ke nan, fosfaras kuwa yana 6.16. Ga shi kuma dutsen fosfat cike ya ke da kalsiyam. In ba a yi hattara ba, sai kalsiyam ya shigo da rigar fosfaras, a rubuta wa farin dutse darajar da ba shi da ita, a sa mutane su zuba dukiya cikin ramin banza. Maganin wannan shi ne jamaniyam. Idan aka yanka shi ta wata fuska, jerin zarransa ya kan sa hasken taku biyu ya kashe kansa da kansa, sai na taku ɗaya kaɗai ya wuce. A kansa fosfaras na bayyana a digiri 70 da rabi, ido kuwa a 141. Wannan ya sa masu auna fosfaras suka fi son jamaniyam bisa PET, ko da ya ke duka biyu suna iya ɗaukar takun.

Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Abu biyu mai tsara na'ura ke so: haske mai yawa don a gama da wuri a kuma ga abin da ya ke kaɗan, da rarrabewa mai kaifi don kada a haɗa maƙwabta. Amma in ya matse haƙoran mataji, rarrabewa ta yi kyau, haske ya ragu; in ya buɗa su, haske ya ƙaru, layuka su dagule. Har kiristal ɗin kansa haka ne. Wanda ba shi da aibu ko kaɗan ya kan karɓi kusurwa siririya ƙwarai, ya yi rowar haske, har masu yin litiyam fulorayid su kan goge fuskarsa da gangan don ta ɗan yi kaushi ta ƙara kyauta.

Hanyar da aka bi aka rage wannan asara ita ce lanƙwasa kiristal, ya riƙa tattara haske wuri ɗaya kamar yadda cikin tasa mai ƙyalli ke tattara rana. Tun cikin shekarun 1880 Henry Rowland na Amurka ya nuna cewa a irin wannan tsari dole mafarin haske, da abin da ke rarraba shi, da ido, su zauna bisa da'ira ɗaya. Cikin 1931 wani Bajamushe, Johann, ya lanƙwasa siririn kiristal lanƙwasa mai sauƙi, wadda da za a cika ta da'ira, faɗinta zai ninka na da'irar Rowland. Haske ya ƙaru ƙwarai, amma tsakiyar kiristal kaɗai ke taɓa da'ira, gefuna suna ɗan kuskure. Cikin 1933 Johansson na ƙasar Suwidin ya ce a lanƙwasa shi haka, sa'an nan a wasa fuskarsa har ta kwanta bisa da'irar daga gefe zuwa gefe. Kuskure ya tafi, amma aikin ya ƙara wuya da tsada, kuma ba ko wane kiristal ke jure lanƙwasa da washi ba. Tsakaninsu, cikin 1932, wata Bafaransa, Yvette Cauchois, ba ta ko kai shekara 25 ba, ta tsara nata a Faris, inda haske ke ratsa kiristal ya fita ta baya, wanda ya dace da haske mai gajeren taku. Da lanƙwasasshen kiristal ne Raymond Castaing ya ƙera na'urarsa cikin 1951, wadda ke faɗin sinadaran ɗigon da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Yau akwai ƙananan na'urori na hannu waɗanda ba su da kiristal mai juyawa, kuma amfaninsu ba kaɗan ba ne. Cikin 2010, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum na Zamfara, sabo da niƙan dutsen zinariya cikin gidaje, da irinsu aka riƙa auna ƙasar tsakar gida ana sanin inda za a kankare. Amma inda maƙwabta suka matsu ba su iya raba su. Kwalli dalma ce haɗe da farar wuta. Wani kukan dalma yana 5.29, na farar wuta yana 5.37. Ta hannu ta kan ji su murya ɗaya, mai kiristal kuwa ta ware ko wanne daban.

Zafi, Da Iska, Da Ƙura

Wanda zai kawo na'urar ƙasarmu akwai abin da zai lura. Zafi ya kan sa kiristal ya kumbura, sahu ya buɗe, kusurwa ta gusa, kuma PET ya fi sauran wannan hali. Don haka ake rufe cikin na'urar a tsayad da ɗuminta wuri ɗaya dare da rana. A gari kamar Sakkwato, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, wannan na bukatar ɗaki mai sanyi da lantarkin da ba ya yankewa. Har wa yau iska tana shanye haske mai dogon taku irin na fosfaras, sabo da haka dole a zuƙe ta daga cikin na'ura. Ƙurar hunturu kuwa, ita ma garin dutse ce, in ta sauka bisa abin da ake aunawa sai ta shiga lissafi. Hasken kansa yana ƙuna, shi ya sa ake kewaye shi da dalma, kuma ba mai taɓa na'urar sai wanda aka horar.

A Juya Tambaya

Saura abu ɗaya. Sanin akwai kalsiyam bai gaya mana ko farin dutse ne, ko jifsam, ko fosfat ba, tun da duka uku suna da shi. Sai a juya lissafin Bragg: a yi aiki da hasken da aka san takunsa, watau na jan ƙarfe mai 1.54, a mai da dutsen da ake tuhuma shi ne kiristal, a nemi nisan sahunsa. Debye da Scherrer cikin 1916, da Hull cikin 1917, suka nuna ba sai an sami babban kiristal ba, gari ma ya isa. Idon na'ura na zagayawa, in ya ga babban haske a digiri 11.6 jifsam ne, a 26.6 yashi ne, a 29.4 farin dutse ne, wajen 32 kuwa fosfat ne. Abin da bai cika cokali ba ya wadatar.

Ana irin waɗannan gwaje-gwaje a ɗakunan binciken Hukumar Binciken Ƙasa da ke Kaduna, hukumar da asalinta ke komawa 1919, ana kuma auna ma'adinai da eksire a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Amma na'ura, duk tsadarta, abin da aka ba ta shi za ta faɗa. A nan aikin ya dawo hannun malamai da akawuna. Idan aka kawo muku dutse, kada ku yanke masa hukunci da ido, kada kuma ku jefar. Ku ɗauki kamar cikin tafin hannu, ku ƙunshe ko wane iri daban cikin abu mai tsabta, ku rubuta sunan gari, da wurin da aka samo shi, da zurfin ramin gaba nawa ne, da kwanan wata. Dutsen da ba a san inda ya fito ba, ko an gane zinariya ce, ba shi da amfani ga kowa.

Yaron nan na Lambara kuwa a gaya masa tambayarsa tana da amsa, kuma amsar tana cikin lissafin kusurwa da ake koya masa a aji, wanda ya ke tsammani ba shi da ranar amfani. Watakila dutsensa fosfat ne, watakila farin dutse ne kurum. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Abin kunya dai shi ne a ce kaza ta kwana bisa dami da yunwa don rashin sani. Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.